Gilashin da Don Arcesio Ya Saka wa 'Yar Lele

"Ni fa in na saka wa mota gilashi, sai ka rantse da kabarin kakanka babu shi a wurin!"

Don Arcesio Buriticá ke nan a kan kujerar shagona na aski, kumfa har kunne, yana magana yana wurga hannu har na kusa yanke masa leɓe. Ka san irin mutanen nan da ba a taɓa ambaton sana'a a gabansu su ce ba su iya ba? To shi ne sarkinsu. Ka ce haƙori ke damunka, ya taɓa cire wa wani janar na soja. Ka ce jirgin sama, ya taɓa gyara ɗaya da cokalin shayi. Shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Mu kuwa a bayan idonsa Sarkin Kwancewa muke ce masa, domin duk abin da ya taɓa a cikin kwali yake ƙarewa, ana cigiyar mai haɗawa. Ni dai ba yadda zan yi da shi. Shi ya riƙe 'yata ranar baftismarta, ya zama kompadre na, kuma a garin nan mutum ya iya rabuwa da gonarsa amma ba ya rabuwa da kompadre.

Abin da ya jawo wannan kuri kuwa maganar 'Yar Lele ce, tsohuwar a-kori-kurar marigayi Ovidio, wadda ta girmi rabin mutanen garinmu. Tun kafin in fara riƙe aska ita ke ɗaukar mutum-mutumin Budurwa Maryamu ranar bikin direbobi a watan Yuli. Ita ce a gaba, sauran motoci na biye suna ta danna oda har bakin coci. Da Ovidio ya rasu, matarsa Doña Herlinda ta ƙi sayar da motar. Ta iya tuƙi sarai, tare suka sha jigilar buhunan kofi a kan duwatsun nan, amma tun ranar da aka binne shi ta kasa zama a kujerarsa. Sai dai ta wanke motar, ta goge, ranar biki ta nemi direba, ita ta hau baya ta riƙe mutum-mutumin. Wannan gaban layi shi ne abin da ya rage mata na mijinta, kuma kowa ya san haka.

To bana sai Fada Belisario, limamin cocinmu, ya zagayo ya duba motar. Gilashin gaba ya tsattsage, an lilliƙe shi da salatif, robar da ke riƙe da shi ta ruɓe har ciyawa ta fara tsirowa a ciki.

Ya ce, "'Yata, ba don in ɓata miki rai ba, amma Uwarmu ba za ta shiga gari a motar da fuskarta duk filasta ba. In na ƙara ganin tsagaggen gilashin nan ranar biki, Nepomuceno ya daɗe yana roƙon a ba shi gaban layi."

Nepomuceno shi ne mai sabuwar jar motar nan da haƙorin zinariya, wanda ko gaisuwa da oda yake amsawa.

Doña Herlinda ba ta yi gardama ba. Ta sayar da saniyarta ɗaya tilo. Irin gilashin 'Yar Lele an daina yin sa tun zamanin kakanni, da ƙyar aka tono guda a wani jujin motoci can gangaren kogi. Aka kawo shi naɗe cikin bargo kamar jariri, da sabuwar roba, da doguwar igiya. Sai dai mai saka gilashi na birni ya ce ba zai samu hawowa ba sai bayan biki.

Nan Arcesio ya ga ƙofa a buɗe. Dama ya daɗe yana zagaye gidan matar nan kamar kyanwa da tukunyar kifi. Saboda ita ya fara rina gashi. Na ce ya zo in rina masa da na shago, ya ce shi ya ƙirƙiro nasa, wai baƙin tukunya da man goge takalmi da ɗan kofi mai kauri. Kansa da gashin bakinsa suka yi baƙi wuluk, in ya jingina da bango sai ya bar shaida.

Ya cire hula a ƙofar gidanta. "Doña Herlinda, ranki ya daɗe, mene ne na jiran birni ga Injiniya a bakin ƙofa?"

"Don Arcesio, gilashin nan shi kaɗai ya rage a duniya. Saniyata ce sukutum a cikinsa."

"Saniyarki ta faɗo hannun ƙwararru. Sharaɗina ɗaya, a rufe gareji, kada kowa ya leƙo. Sirrin sana'a ne."

Ta dube shi, ta dubi motar. Biki gobe ne. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, ta ba shi mabuɗi.

Da azahar ya aiko a kira ni, wai yana bukatar hannu biyu marasa ilimi da za su riƙe masa. Na rufe shago na je, don ni a rayuwata ban taɓa ƙin kallo na kyauta ba.

Na ce, "Kompadre, mu yanke tsohuwar robar mu ɗauke tsohon gilashin a hankali mu ajiye, ko da wani abu."

"Ko da wani abu? Tiberio, mai ajiye tsohon gilashi bai yarda da kansa ba ne. Matsa."

Ya shige mota, ya kwanta a kujera, ya ɗaga ƙafafu biyu da takalmansa, ya narka wa gilashin duka. Sai ga shi ya tashi ya tsallake bonet ya dira a ƙasa, ya tarwatse. Kajin Doña Herlinda suka watse suna kururuwa.

Ya fito yana kaɗe hannu. "Ka gani? A birni wannan kaɗai wuni guda suke yi a kansa."

Sai sabuwar roba. Sanyin dutsen nan ya sandarar da ita, ta ƙi lanƙwasa. A garin direbobi ko kaza ta san rana ake shanya ta ta yi laushi. Injiniya ba shi da lokacin jiran rana. Doña Herlinda ta aiko mana da tukunyar ruwan mazarƙwaila mai zafi da wainar masara, sai kawai ya naɗe robar ya dulmiya ta cikin tukunyar.

"Kompadre, abin shanmu ne fa!"

"Ilimi gaba yake da ciki."

Robar ta yi laushi kam, amma ta fito tana danƙo, ta kama hannunsa, ta kama rigarsa, ta kama gashin bakinsa. Maimakon ya wanke ta da ruwan sabulu, sai ya tura ni kicin ta ƙofar baya in ɗebo masa man alade. Ya lafta mata, ya lafta wa gefen gilashi, har da ƙarfen motar da ko tsatsarsa bai kankare ba. Yanzu ba abin da ke kama wani abu. Ka riƙe gilashin nan ka ji yana neman sulɓewa kamar tarwaɗa.

Da gumi da addu'a muka zagaya robar a bakin gilashi, muka ɗora shi a mazauninsa. Na miƙa masa igiyar da aka haɗo da ita. Ai aikinta ke nan, a cusa ta cikin kwarmin roba, mutum ɗaya ya danna gilashi daga waje, ɗaya ya ja igiyar daga ciki, leɓen robar ya riƙa hawa kan ƙarfe a hankali har ya zagaye.

Ya karɓa ya jefar. "Igiya ta masu akuya ce. Miƙo sukundireba."

Ya soka nan, ya ɓanɓara can. Kusurwa uku suka shiga, ta huɗu ta ce atafau. Ya tura ta huɗun, ta farko ta fito. Ya koma ta farko, ta ƙasa ta yi tsalle. Haka suka yi ta wasan ɓuya shi da gilashin nan har rana ta karkata, ni kuwa ina manne a kan bonet, hannuwa a baje, ƙuguna na neman ɓallewa.

Can ya tsaya, ya tuɓe takalmi, ya cire safa, ya zura kan guduma a ciki.

"Kompadre, kada garin neman gira a rasa ido."

"Taɓawa ɗaya ce, irin ta likita. Kai dai danna."

Tas!

Ban san gilashi na iya zama gishiri ba sai ranar. Ko ɓallin da ya kai tafin hannu bai rage ba. Saniya guda ta zube a kan kujera da cikin takalmin Injiniya, ni kuma hannuwana suka wuce ciki, na tsinci kaina ina rungume da sitiyari.

Doña Herlinda ta ƙwanƙwasa ƙofar gareji. "Don Arcesio, me na ji ya fashe?"

Muryarsa ta fito siririya. "Tsohon ne, ranki ya daɗe! Sallamarsa muke yi!"

"Sau biyu?"

"Taurin kai gare shi!"

Muka ji takunta ya yi nisa. Gaskiya a nan dariya ta ɗauke mini, tausayin matar nan ya kama ni. Na ce masa ya fita ya faɗa mata, ko a samu abin yi kafin gobe. Ya zauna a ƙasa ya yi tagumi, sai na ga idonsa ya fara ƙyalli. Duk wanda ya san Arcesio ya san wannan ƙyallin, gara ka ga hadari.

"Tiberio, me na ce a shagonka?"

"Ka ce abubuwa da yawa."

"Na ce sai a rantse babu shi. To gari kaf ya ji. Abin da mutane suka zo gani shi za su gani."

Ya share gishirin ya ɗura a buhun kofi. Ya ɗauki robar ita kaɗai ya zagaya ta a bakin tagar, ta zauna ɗas, tunda yanzu ba mai yi mata gardama. Ya kewaye ta da furanni da kyallaye masu launi. Akwai wani ɗan hoton waliyyi da Ovidio ke maƙalawa a kusurwar gilashi, ya rataye shi da baƙin zare daidai wurin, kai ka ce a jikin gilashi yake. Sannan ya sa na rantse da ran 'yata cewa bakina ba zai furta komai ba. Na rantse. Bakina kawai ya ambata, bai ce komai game da lema ba.

Washegari da safe ya fito da motar da kansa, ya ce ba wanda zai tuƙa sai shi, robar ba ta gama kamawa ba. Ya sha farar riga, ya ninka rinin gashi, ya ja igiyar jiya ya kewaye gaban motar don kada kowa ya matso. Ashe dai igiyar ta yi rana. Ya ɗauko ƙyalle, ya hura wa iska numfashi, hah, ya shiga goge ta a hankali yana karkata kai.

Jama'a suka taru suna ta salati irin namu. "Kai, wannan gilashi! Kamar babu!"

"Na ƙasar waje ne. Ido ba ya kama shi sai na masu ilimi."

Nepomuceno ya matso yana miƙa yatsa, Arcesio ya make hannun. "Maiƙon yatsa ke kashe irinsa! Je ka taɓa naka na talakawa."

Doña Herlinda ta fito cikin baƙin gyalenta. Ta tsaya daga bayan igiya, ta ga furanni, ta ga hoton waliyyin mijinta a inda ya saba zama, idonta ya cika da hawaye. Mai hawaye kuwa ba ya tantance gilashi. Ta ce, "Allah ya saka maka, Don Arcesio," ta hau baya wurin mutum-mutumin. Ni na shiga gaba kusa da shi, lemata a tsakanin gwiwoyi.

Aka kama hanya, tafiyar hawainiya, oda na tashi ta ko'ina. Mata na watso furanni daga saman benaye, suna sauka a cinyarsa, yana tattarawa yana cusa su ƙarƙashin kujera. Ƙudan zuma suka ji ƙanshin mazarƙwaila suka yi wa robar rubdugu, suna shiga suna fita ta gilashin ƙasar waje ba ko sallama. Karnukan kasuwa suka biyo man alade. Hoton waliyyi kuma iska ta kama shi ya fara juyawa a kan zarensa, wata tsohuwa ta hango ta durƙusa a titi tana ihu, "Abin al'ajabi! Waliyyi na waiwaye!" Arcesio ya ɗaga mata hannu kamar shi ya shirya.

Ya raɗa mini, "Ka gani, kompadre? Saura ƙiris. Mu sauke Uwarmu, gobe in ce ɓarayi sun sace gilashin."

Abin da Injiniya bai sani ba shi ne abin da ake yi a bakin coci, domin duk shekara kafin a kai nan shi yana shagon giyar rake yana ba da labarin janar da haƙori. Fadanmu bai yarda da yayyafi ba. Ya ce hanyoyinmu sun yi muni, zunuban direbobi sun yi kauri, ɗigo ba zai ratsa ba. Da bokiti yake sa wa mota albarka. Motar gaba kuwa ita ke samun bokitin farko, cike fal da ruwan dutse mai sanyin ƙanƙara, a tsakiyar gilashi, direba ya kunna waifa, jama'a su yi tafi.

Muka tsaya. Fada Belisario ya naɗe hannun riga, ya ɗaga bokiti. Na buɗe lemata.

"Tiberio, me kake yi da lema a cikin mota?"

"Gwada ta nake, kompadre."

Ya juya gaba, bakinsa a buɗe zai yi magana. Da sunan Uba, da Ɗa, shaaa!

Ko ɗigo bai faɗi a banza ba. Hularsa ta koma bayan kujera. Baƙin tukunya da man takalmi suka kwance suka gangaro ta goshi, ta hanci, ta haɓa, suka sauka a farar riga. Kafin ka ce kwabo kansa ya koma fari fat, fuskarsa ta koma gindin tukunya. Don ruɗewa sai ya kunna waifa. Sandunan nan biyu suka tashi suna share iska, dama, hagu, ɗaya ya rasa abin jingina ya faɗo ciki ya ɗan mare shi a hanci.

Sai wani ya fashe da dariya daga baya, shi ke nan gari ya ɗauka. Direbobi na dukan ƙofofin motocinsu, masu busa ƙaho sun kasa busawa, Nepomuceno ya yi dariya har ana iya ƙirga haƙoransa na gaske.

Fada ya sauko daga matakala, ya zura hannu ta gilashin har kafaɗa, ya dafa jiƙaƙƙen kan Arcesio. Ya ce, "Shekara da shekaru ina zuba ruwan nan yana tsayawa a waje. Yau dai ya kai ga mai bukatarsa."

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Doña Herlinda ta sauko daga baya, ta zagayo, ita ma ta zura hannu ta laluba. Dariyar jama'a ta fara mutuwa.

"Don Arcesio, ina saniyata?"

"Tana... tana cikin buhu, ranki ya daɗe."

Nepomuceno ya taka totur, jar motarsa ta yi gurnani. "Fada, a sauko da Uwarmu a maido ta nan! Ai sauran zagayen dandali, ba a ƙarasa shi a kango ba!"

Wallahi raina ya ɓaci. Matar nan ta buɗe ƙofar direba, ta kama kunnen Injiniya ta fito da shi kamar ɗan akuya ta ajiye a gefen titi. Sai ta tsaya tana kallon kujerar Ovidio, jiƙe sharkaf, ga baƙin rini ya ɗiɗɗiga a kai. Ta cire gyalenta ta goge ta tas. Ta daɗe da hannu a kan sitiyari. Sannan ta hau ta zauna.

"Fada, cewa ka yi kada ka ƙara ganin tsagaggen gilashi."

Fada ya leƙa ta sama, ya leƙa ta ƙasa. "Ni kuwa ko tsaga ɗaya ban gani ba, 'yata. Ja mu je. Nepomuceno, koma layi."

Ta murza mabuɗi, 'Yar Lele ta yi tari ta tashi. Ban taɓa jin oda da tafi irin na ranar ba. Ina zaune a gefenta, na ga hawaye na bin kumatunta, tana ta sa giya kamar jiya ta bari.

"Iska ce, Tiberio."

"Na sani, Doña. Sabon gilashin nan akwai yoyo."

Tun daga ranar ita ke tuƙa kayarta, da tabarau irin na masu babur. Tabarau ɗin ma na Arcesio ne, don Fada ya sa shi ya sayar da babur ɗinsa ya shiga bin jujin motoci gari-gari yana neman gilashi. An ce ya samo, mai saka gilashi na birni zai hawo, kuma an riga an gaya wa Injiniya ranar ya tafi ziyarar dangi.

Makon jiya yana zaune a shagona, gashi fari sol, sai ga Doña Herlinda ta leƙo ta kawo mini wainar masara. Ya zabura ya miƙe, ya cire hula, ya tare bakin ƙofa.

"Barka da rana, Doña Herlinda, ranki ya daɗe."

Ta dubi daidai inda yake tsaye, idonta ya wuce ta cikinsa ya sauka a kaina.

"Tiberio, yau kai kaɗai ne a shagon?"

"Ga Don Arcesio nan a gabanki, Doña."

Ta matso, ta ƙanƙance ido, ta karkata kai dama da hagu. Ta ce, "Kai, aikin ƙwararru! Sai ka rantse da kabarin kakanka babu shi a wurin."